Tukunyar Man Kaɗen Inna

Shafi na 14

Assalamu alaikum, mutanen kirki. Masu aiko mini saƙo tun asuba wai na rataye ku, ku kai ƙarar wurin ruwan saman da ya kayar da turken wutar unguwarmu. Wata baiwar Allah kuma ta rubuto wai in ƙyale Salamatu haka nan, ai ba ta da laifin komai. To hajiya, karanta wannan ki dawo mu yi magana.

Ga wanda yau ya fara shigowa: muna Kaoje, a gidan marigayiya Inna Hamsatu. Autarta Mashkura ta dawo gida wankan haihuwar fari, da ɗanta Bunyaminu, wanda mura ta sa gaba tun bayan suna. Salamatu, 'yar tsakiya, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar Inna. Babbarsu Halima Sa'adiya, malamar kimiyya a Birnin Kebbi, ba ta samu suna ba, sai jiya ta iso. Da safen nan ta nemi kanwa za ta dama wa mai jego kunu, aka miƙo mata kanwar a cikin wata farar roba mai rubutun Faransanci.

*

Sa'adiya ta juya robar a hannunta.

Hoton wata mace ne a jiki, fara sol, tana murmushi. A ƙarƙashin haɓar matar an rubuta NANO da manyan baƙaƙe masu ruwan zinare. Robar man shafawa ce.

Ta ɗaga kai ta dubi kantar madafi. Ga wata irinta da gishiri a ciki, ga wata da daddawa, wata an cika ta da dakakken barkono. Har wadda kaji ke shan ruwa a ciki a bakin ƙofa, ita ce.

Amma duk gidan babu wanda ya yi haske. Salamatu tana nan da baƙinta mai kyau irin na Inna, Mashkura ma haka. To ina man ya tafi?

Sai ta tuna jiya da yamma, da ta lakato man kaɗe daga tukunyar Inna ta shafa wa Bunyaminu a ƙafa. Kafin ta murza sau biyu ya ɓace, ko ƙyalli bai bari ba. Jiya gajiyar hanya ta hana ta tunani. Yau ta leƙa tsakar gida, inda Salamatu ke shara.

"Salame."

"Na'am, Adda."

"Aje tsintsiyag ga ki taho ɗakin Inna."

Ɗakin yana nan yadda mai shi ta bar shi. Gadon ƙarfe, jeren kwanuka, carbinta rataye a ƙusa. Tukunyar kuma tana bayan ƙofa a kan gammonta, an kife ta da faifai.

Ku da ba 'yan gidan ba, bari in gaya muku abin da tukunyar nan take. Kakarsu ce ta zo da ita a ka daga wani ƙauyen Dandawa na ƙetaren iyaka, a zamanin da babu mai tsayar da kai ya tambayi takarda. Ƙa'idarta biyu ce. Ba a bari ta ƙare, kuma ba a juya ta, kar na sama ya gauraya da na ƙasa. Kowace shekara sabon mai a kan tsoho ake zubawa. In an yi haihuwa a dangi, sai a zura dogon kara har ƙasa, a ɗebo ɗan tsohon, a haɗa da sabo a tafin hannu a shafe jinjiri. Inna takan ce ta haka hannun waɗanda suka riga mu ke taɓa wanda ya zo. Su ukun nan duk da shi aka shafe su.

Sa'adiya ta ɗaga faifan, ta ajiye robar a gefen tukunyar.

"Mi kinka zuba ciki?"

"Man kaɗe na, Adda."

"Dube ni."

Salamatu ta dubi carbin da ke ƙusa.

"Man kaɗe na. Ni niy yi shi da hannuna."

"Ban ce ba ki yi ba. Cewa niy yi mi kinka ƙara."

Sa'adiya ta sunkuya ta shinshina bakin tukunyar.

"Salame, na yi shekaru rabona da niƙa, amma hancina bai mutu ba. Man Inna ƙamshin hayaƙi shike yi. Sai kin murza shi ga tahi shi narke, kuma in kin shahwa ma yaro da sahe, har azahar shina ƙyalli. Wanga hwa? Wanga ƙamshin shagon kitso garai."

Salamatu ta zauna a bakin gadon, gadon ya yi ƙararsa ta dā. Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Cokali guda na ga kowane kwano."

"Robobin da nig gani madahi ba cokali guda ba na."

"Da hwarko cokali guda na."

"Tun yaushe?"

"Tun damanar da Inna ta cika shekara."

Sa'adiya ta dafe bango. Ita fa ta zo da shirin faɗa, amma da amsar ta fito sai ta koma tambaya.

"Ina kike samo shi?"

"Kasuwar Lolo. Wata 'yar ƙasar Binin ta, daga Kwatano take kawo shi. Ta ce man kaɗe na shi ma, turawa sunka tace. Ta shahwa mani ga bayan hannu, kahin in ƙihta ido ya shige. Ta ce wannan nano ɗin shi na gwanintar, shina kai mai har can ciki."

"Nan ta yi maki gaskiya. Kuma shi na abin tsoron."

"To mi na na shi? Guba ta?"

Sa'adiya ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙofa. Ta saba yi wa 'yan mata bayani a aji.

"Kin san in ana tankaɗe, ƙurar garin nan da ba a gani sai rana ta ratso ta taga?"

"Awo."

"To ita ƙatuwa ta a kan nano. Abu na da anka niƙe har ya wuce ganin ido, ya wuce na madubin asibitinmu. Ana sa shi ga man shahwa don shi yi santsi, shi ɓace ga jiki. Wani an gwada shi, an ce ga lahiyayyar hwata ba a ga illa ba. Wani kuma masu binciken kansu har yau gardama suke yi."

"Ke nan ba a ce shina kisa ba."

"Ba a ce ba. Ni ma ban ce ba. Cewa nike ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, 'yar Binin ɗin ma ba ta sani ba. Dubi robar. Ba sunan mai yi, ba lambar hukuma, ba a hwaɗi abin da ke ciki ba. Mai yiwuwa ma da wani abu ciki da ya hi nanon muni. Kuma jinjirin da bai yi arba'in ba muke shahwa ma."

Salamatu ta miƙo mata bayan hannunta.

"Ni ina shahwa, ban ga komi ba."

"Hwatarki ta sha ranar hwadamar shinkahwa. Hwata katanga ta, in lahiya take tana tsare abu da yawa. Tsorona inda ta tsage, ƙurji ko cibiyar da ba ta warke ba. Kun sa mashi ga cibiya?"

"A'a. Malamar asibiti ta hana a sa komi. Baya na da ƙahwahu, sai kai."

"Alhamdu lillahi. Abin da anka hi ja ma kunne shi na shi shiga hanci ko baki, don can ciki babu katanga. In iyakarshi baya da ƙahwa, in sha Allahu da sauƙi. Amma daga yau an daina."

"An daina mi?"

"Tukunyag ga za a zubar."

Salamatu ta miƙe tsaye. Ban taɓa rubuta muku ita tana ɗaga wa yayarta murya ba, kuma yau ma ba ta ɗaga ba. Ƙasa ta yi da ita, abin ya fi zafi.

"Ke kina Birni, Adda."

"Mi ya kawo wannan?"

"Kina Birni shekarar da niy yi man hwarko ni ɗai. Itacen kaɗen bayan gonarmu, wanda muke zuwa da asuba, masu gawayi sun sare. Sai da nit tahi har kusa da iyaka kahin in cika kwando. Na dahwa, na shanya, na hwasa, na soya, na niƙa, na buga har kahwaɗata ta riƙe. Duk yadda take yi na yi. Ya hito baƙi, da tsaki-tsaki, shina wari. Matan unguwa sunka zo ɗiba kamar kullum. Ba wadda ta zage ni. Shinshinawa kawai suke yi su ce, Allah shi jiƙan mai hannu."

Ta dubi tukunyar.

"Kowa ta ce Allah shi jiƙan mai hannu, sai in ji kamar ranar anka hita da ita."

Sa'adiya ma hankalinta ya tafi bayan gonar. Ta ga kansu su uku a cikin raɓa, zannuwa jiƙe har gwiwa, Inna a gaba da ƙwarya. Mashkura a goye, tana barci. Ita da Salamatu suna rige-rigen wadda za ta fi tsinta, rabi a kwando rabi a ciki, har Inna ta juyo ta ce in suka shanye 'ya'yan ba laifi, ƙwallon dai kar a haɗiye mata. Ta tuna ranar bugu, yadda Inna ke durƙusawa a gaban babban akushi, hannunta cikin ƙullun har gwiwar hannu, tana bugawa har farin kumfa ya taso. Ba ta yarda kowa ya yi magana lokacin. Wai mai yana jin hayaniya ya ƙi tashi. Sun girma kafin su gane hutun surutunsu kawai take nema.

Kewar Inna ta taso mata.

"Rannan ga kasuwa," in ji Salamatu, "da 'yar Binin ɗin ta shahwa mani, sai nic ce bari in gwada. Na zuba cokali guda ina juyawa shina hucewa. Adda, sai ga shi ya yi hwari, ya yi laushi. Gwaggo Asibi ta lakata ta ce, Salame, hannun Hamsatu ya dawo. Ta yi kuka. Ni ma na yi. Daga nan ban iya dainawa ba."

Gwaggo Asibi ƙanwar mahaifinsu ce, ita ke yi wa Mashkura wankan jego. Tsohuwa ce da ba ta yabon abu da wasa.

"Don mi ba ki gaya mani ba?"

"In ce maki mi? Ga tukunya an bar mani na kasa?"

"Da kin ce."

"Da kin aiko mani da na kanti cikin kwali."

Wannan gaskiya ce, kuma Sa'adiya ta san gaskiya ce, shi ya sa ta sunkuyar da kai.

Can ta ɗago.

"Kin juya ta?"

"Wa? Ni? Ko na lalace ban kai nan ba. Bisa nike zubawa, yadda anka saba."

"To na Inna na ƙasa. Na Kaka na ƙasa da nata."

Salamatu ta dube ta, idonta ya ɗan yi haske.

"Sai mu kwashe naki," in ji Sa'adiya, "mu ƙara da na tsakiya don kokanto, mu bar na ƙasa. Bana kuma in an yi hutu in taho mu yi tare. Ko baƙi ya hito, shi za mu zuba."

"Kin manta niƙa."

"Sai ki tuna mani."

Salamatu ta yi 'yar dariya da hawaye a fuska, ta fita ta dawo da babbar tasa da ludayi. Suka jawo tukunyar tsakiyar ɗaki, suka durƙusa a gabanta kamar yadda suke yi suna yara in an ce su riƙe wa Inna faifai.

Sa'adiya ta fara kwasa.

Fari, mai santsi, mai ƙamshin turare.

Ta ci gaba.

"Kin tuna kalar na Inna?"

"Kamar ƙwai na zabo in an dahwa. Rawaya-rawaya."

"Na Kaka hwa?"

"Shi ya yi duhu. Karan in ya hito sai ka ga kamar zuma ga bakinshi."

Tasa ta yi rabi. Har yanzu fari.

"Kin zuba da yawa, Salame."

"Ban kai nan ba. Wallahi ban kai nan ba."

Sa'adiya ta ajiye ludayin, ta naɗe hannun rigarta, ta zura hannu. Ya shige har gwiwar hannu ba tare da ya gamu da tauri ba. Ta san yadda ƙasan tukunyar nan yake, da ƙyar kara ke huda shi. Yau yatsunta suka tafi sululu har suka taɓa yumɓu.

Ta damƙo na ƙasan, ta fito da shi, ta kai bakin ƙofa wurin haske.

Fari ne. Ta shinshina. Turare ne, sai can baya-baya wani ɗan ƙaurin hayaƙi da sai wanda ya san shi zai ji.

"Ban juya ba," in ji Salamatu. "Adda, na rantse maki ban juya ba."

Sa'adiya ta ɗaga kai sama. Rufin kwano ne, sabo, yana sheƙi. Shekarun Inna duk ɗakin nan rufin ciyawa ne, ko a tsakiyar bazara sanyi gare shi kamar gindin randa. Bayan ambaliyar da ta jiƙa gidan, ita Sa'adiya da kanta ta turo masu aiki suka yaye ciyawar suka buga kwano, don kar ɗakin Inna ya rushe. Har ta yi alfahari da abin.

"Bazarar da ta wuce," ta ce a hankali, "kin buɗe ta da rana?"

Salamatu ta dubi kwanon, ta dubi tukunyar. Ta kai hannu baki.

"Ta zama ruwa. Rannan na ɗaga hwaihwan na ga tana motsi kamar miya. Nic ce in marece ya yi ta daskare."

"Ta daskare. Bayan ta gauraye."

Na Kaka, na Inna, na 'yar Binin, duk sun zama abu ɗaya, kuma babu ludayin da zai raba su. Sa'adiya ta tsaya da man a tafin hannunta yana narkewa yana bin tsintsiyar hannu. A ranar da aka binne Inna ba ta yi kuka sosai ba, saboda ita ce babba, ita ke karɓar gaisuwa. Yau ta yi shi, a tsaye, ba sauti.

Salamatu ta rungume tukunyar.

"Tana ciki dai. Ko kaɗan na, tana ciki. Mu bar ta haka, kar mu shahwa ma kowa, mu dai bar ta."

"In tana ɗakin ga, wata rana wani za shi ɗiba."

"Ni za ni tsare."

"Kina kasuwa hwa? Kina gona hwa? Kowa garin ga ya san inda take, ba a ma sallama a kanta."

"To ki zubar da uwarki da hannunki, ni ba ni iyawa."

Maganar ta soki Sa'adiya, amma ta share fuskarta da gefen mayafi, ta sunkuya ta kama wuyan tukunyar. Salamatu ba ta saki ba. Suna nan, ɗaya na ja a hankali ɗaya na riƙewa, sai labule ya ɗaga.

Gwaggo Asibi ce, da 'yar ƙaramar tasa a hannu, zanenta jiƙe da ruwan wanka.

"Kai, ku kuma lahiya? Ɗiyan Hamsatu sun girma sun koma kokawa?"

Ta dubi tasar da aka cika, ta dubi hannun Sa'adiya.

"Wa ya ce a kwashe tukunya? Malama, daga zuwanki jiya?"

"Gwaggo, za ni yi maki bayani."

"Ki yi shi daga baya. Ku lakato mani ga tasag ga, wanda niɗ ɗiba ya ƙare, ango Bunyaminu na jira."

"Ai an shahe shi da sahe," in ji Salamatu.

"Wa ke maganar shahwa? Na mura na."

Sa'adiya ta saki tukunyar.

"Na mura kamar yaya, Gwaggo?"

Tsohuwar ta dube ta da mamaki, irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi hanyar gidansu.

"Birni ta mantar da ke? Yadda uwarku tay yi maku mana. In narka ga cokali, in ɗiga mashi ga hanci, nan da nan, in lasa mashi kaɗan ga harshe don ƙirji. Sahe da marece, tun washegarin suna. Ai man Hamsatu ko ci anka yi magani na."

Salamatu ta zame daga jikin tukunyar ta zauna daɓas a ƙasa.

"Gwaggo," ta ce, "ba ki gaya mani ba."

"Yo tun yaushe aka neman izini kan man kaɗe?"

Daga ɗakin mai jego aka ji tarin jinjiri, siriri, ya tsaya, ya sake dawowa. Sai muryar Mashkura.

"Adda? Adda, taho ki ji yadda yaron ga shike numhwashi."